Ni Yake So Ko Ƙashin Iya?

Sallama gare ku masu biye da ni, da ku da yau kuka fara leƙowa. Ni ce dai Tahira, malamar aji uku a firamaren ƙauyenmu da ke gefen Makoɗa, wadda duk ƙawayenta suka yi aure suka bar ta tana amsa "Anti" a bakin 'ya'yansu. Abin da ya same ni a daminar nan har yanzu ban san ko kuka ya dace da shi ko dariya ba, shi ya sa nake haɗa su duka.

Munir a bikin ƙawata Maryam muka haɗu, a Gezawa. Dogo ne siriri mai tabarau, shaddarsa ta sha guga har tana ɗaukar ido. Ya ce yana digiri na biyu a Kano. Ban tambaye shi a kan me ba. Ni dai na ga yana da kunya, kuma a lokacin na ɗauka ba shi da surutu.

A gida kuwa an sa ni a gaba. Baba malami ne, yana ba da karatun littattafai a zaure, ba ya son yawan magana. Inna ma da ido take faɗa. Mai bakin gidan ita ce Gwaggo Safiyatu, ƙanwar Baba, wadda katanga ɗaya ta raba gidanta da namu. Kullum ta shigo sai ta ce, "Tahira, gyaɗar da aka shuka bana ma ta kusa isa cira. Ke fa?"

A gidan Gwaggo ake da sola, can kowa yake kai cajin waya. Kuma tun da ta yi makarantar yaƙi da jahilci babu rubutun da ke wuce ta. Buhun taki, kwalin magani, bayan motar haya, duk sai ta karanta da ƙarfi. Ranar wata Laraba na manta ban kulle wayata ba.

Ina tankaɗen garin tuwo sai ga ta ta shigo, ta riƙo wayar da yatsu biyu kamar ta tsinto ta a kwata. Inna na bakin murhu. Baba ya shigo alwala. Kakata Iya Kulu, mahaifiyar Baba, tana kan tabarma tana ɓarar gyaɗa.

"Yaya, zauna ka ji sana'ar surukinka," in ji Gwaggo. Ta gyara murya ta karanta saƙon tes ɗin da Munir ya turo min, harafi bayan harafi:

"Ranki ya dade, yi hakuri ban kira ba. Tun safe ina cikin kashi. Yau na beraye muka duba, gobe kuma za mu fara auna na tsofaffin mata. Wallahi in kika kalle shi da kyau, kashi abin sha'awa ne."

Tsakar gida ta yi tsit. Har akuyar Inna ta daina tuƙa.

Baba ya daɗe yana kallon butarsa, sannan ya ce, "To. In dai halal ce, sana'a ce."

"Nawa dai ba zai auna ba," in ji Iya Kulu, ta ci gaba da ɓararta.

Na fizge wayar na shige ɗaki. Na rubuta masa, "Da gaske abin da kake karantawa ke nan?" Nan take ya amsa, "Shi ne. Shi nake fatan koyarwa har ƙarshen rayuwata." Jama'a, na kifa kaina a filo na yi kuka mai isata. Na tuna yadda ya miƙo min lemo da hannunsa a wurin biki, ni kuma na sha har da lumshe ido.

Baba ya ce a gaya masa ya zo Asabar bayan la'asar, yana son ganinsa.

Ranar Gwaggo ce ta shirya zauren da kanta. Ta naɗe dardumar baƙi ta shimfiɗa tsohuwar tabarmar shanyar kuɓewa can kusa da ƙofa. Ta kunna turaren wuta kasko biyu. Ta ajiye buta da sabulu a bakin shiga, ta ware masa wani kofin roba da ba mai sha da shi. Ni kuwa duk da ɓacin rai sai da na saka atamfata ruwan ganye mai zanen fulawa, na ɗora mayafi ruwan madara, na shafa humra. In ma rabuwa za a yi, gara a rabu ina da kyau.

Ya sauka daga mashin cikin farar shadda ƙal, da ledar ayaba da kankana. Gwaggo ta tare shi.

"Ɗan nan, wanke hannu tukuna."

Ya wanke, yana murmushi, yana zaton al'adar gidan ce.

"Ƙara dai. Har gwiwar hannu."

Ni da Gwaggo muka laɓe a bakin ƙofar da ke shiga cikin gida. Iya Kulu kuwa kai tsaye ta shiga ta zauna, ta ce ita ta wuce laɓe. Bayan gaisuwa Baba ya yi gyaran murya.

"Malam Munir, an ce kana karatu. A kan me?"

"A kan ƙashi, Baba."

Ya faɗe shi da ƙa mai kauri, irin wadda ke fitowa daga maƙogwaro. Gwaggo ta leƙa da kai.

"Maimaita."

"Ƙashi, Gwaggo." Ya ƙwanƙwasa wuyan hannunsa da yatsa. "Na jiki. Wanda ke riƙe da mutum."

"To me ya sa ka rubuta ɗayan?"

Ya ciro wayarsa ya duba, sai na ga kunnuwansa kamar za su kama da wuta. "Wayar ce ba ta da ƙa mai lanƙwasa," ya ce a hankali.

Baba ya ja hularsa ya rufe rabin fuska, kafaɗunsa na girgiza. Gwaggo ta sa ƙafa ta janye sabulun zuwa bayan ƙofa. Ni kuma na jingina da bango ina hamdala, ban san wata sabuwar za ta buɗe ba.

Don Baba, da ya dawo daidai, sai ya ce, "Ikon Allah. To me ake karantawa a ƙashi har digiri biyu? Ba busasshen abu ne ba?"

Munir ya gyara tabarau. Ya ɗaga yatsa ɗaya. Mutumin da na ce ba shi da surutu.

Ya ce ƙashi rayayye ne, kullum cikin aiki yake, ana rushewa ana ginawa har mutum ya koma ga Allah. Ya ce akwai wasu ƙwayoyin halitta ƙanana da ido ba ya gani. Rukuni ɗaya sunansu ostiyobilas, su ne magina, suna shimfiɗa zare kamar yadda ake zuba ciyawa a kwaɓin ƙasa, sannan su cike shi da sinadarin kalsiyam ya sandare. Ɗaya rukunin kuma ostiyokilas, manya ne, suna manne wa ƙashi su zuba masa ruwa mai tsami su narkar da tsohon wuri.

"Gara ke nan," in ji Iya Kulu.

"Kusan haka, Iya. Amma wannan garar da amfaninta. In ba ta cinye wurin da ya tsage ba, magina ba za su sami inda za su sa sabo ba. Kuma maginan ne da kansu ke kiranta, su ne kuma ke tsawata mata in ta wuce gona."

"Bilas da Kilas," ta ce, tana gyaɗa kai. "Tagwaye ne."

Ya ce wasu maginan ma garin gini sukan gine kansu a cikin bangon, su zauna can suna sauraron nauyin da mutum ke ɗora wa ƙashinsa. In kana tafiya kana aiki, su aika a ƙara gini. In ka kwanta ka miƙe ƙafa, su ce ba a bukata. Baba ya ce subhanallah. Wannan ya ƙara masa ƙarfi. Ya nuna maƙogwaronsa ya ce a nan akwai wasu 'yan ƙulli huɗu, kowanne bai fi ƙwayar dawa ba, da ke lura da kalsiyam ɗin cikin jini. Da ya yi ƙasa sai su saki wani sinadari, homon ake ce masa, ya je ya ce a kankaro daga ƙashi a zuba wa jini.

"Su kuma mata," ya ci gaba, "akwai homon ɗinsu da ke riƙe wa Kilas linzami. To da zarar mace ta manyanta ta daina ganin al'a..."

Nan ya tuna a gaban wa yake. Baba ya miƙe tsaye ya ce ya tuna bai ba jaki ruwa ba. Mu ba mu da jaki.

Iya Kulu kuwa ko a jikinta. "Ƙarasa, ɗan nan. Na daina tun kafin a haife ka. Sai me ya faru?"

"Sai linzamin ya saki, Iya. Rushewa ta fi gini yawa. Ƙashi ya riƙa zama kamar soso a ciki, na gadon baya ya riƙa danƙarewa, mutum ya rage tsawo bai sani ba."

Iya ta juyo ta kalle ni ta ƙofa.

Ku ji dalili. An fi shekara Iya tana zargina da ɗaga igiyar shanya don kada ta kai. Ta yi faɗa da tela sau ba adadi wai yana ƙara wa rigunanta tsawo don ya nuna mata gajarta. Har ƙusar da take rataye carbi ta ce wani ya cire ya mayar sama.

Ta gaya masa duka. Ya saurara da ladabi, sannan ya ce, "Iya, ba igiyar ce ta hau ba. Ke ce kika sauko."

Na zata za ta kore shi. Sai ta yi dariya har da tari, ta ce, "Wannan shi ne mijina. Tahira, nemi naki."

Na ɗauka wasan kaka da jika ne. Ashe da gaske ta ƙwace shi.

Duk Asabar kafin in gama ɗaura ɗankwali, Iya ta riga ni zaure, ta sa kwalli, ta yafa gyalenta na zuwa suna. Tsarabarsa ma ta sauya. Ƙananan busassun kifi da ake ci da ƙaya, riɗi, ƙwaryar kindirmo da yake tsayawa ya saya a hanya. Duk na Iya. Ya ce ta riƙa zama a hantsi tana shan rana, don fata na haɗa wani sinadari da ke taimaka wa hanji ya tsotsi kalsiyam. Ya ce ta riƙa takawa zuwa bakin gona ta dawo. Ta kan tare shi da rahoto: "Yau na ji Kilas a ƙuguna, tun asuba yake aiki." Shi kuma ya zauna yana tambayarta haihuwa nawa ta yi, kowanne ta shayar da shi har yaushe, yana cewa mai shayarwa ma daga ƙashinta ake ɗiba a ba jariri. Ni ina gefe da lallena ja da baƙi, ba wanda ya ce ya yi kyau.

Wayar ma ba sauƙi. Ya saka sabon allon rubutu mai haruffa masu lanƙwasa, amma saƙon bai sauya ba. Maryam ta nuna min abin da mijinta ke turo mata, "hasken idona", "sanyin zuciyata". Ni ga nawa: "Barka da safiya. Kin sha nono? Kafin shekara talatin ake tara ƙashi, bayan nan sai dai a yi ta riƙon abin da aka tara." Na mayar masa, "Na gode da ka tuna min shekaruna." Ya turo hoton babban yatsa.

Wata safiya Baba ya kira ni zaure bayan ɗalibansa sun tashi. Bai kalle ni ba, littafinsa yake kallo.

"Yaron nan yana da hankali. Amma an fara magana a gari. In da gaske yake, ya turo manyansa. In kuma wajen Iya yake zuwa, to a sani."

Na ce to. Na fito, ni kaina ban san amsar ba. Tunda muke, mutumin nan bai taɓa buɗe baki ya ce yana sona ba. Na fara tunanin ko tun farko tsohuwa yake nema don karatunsa, ni ce kawai ƙofar shiga.

Ana cikin haka aka fara cirar gyaɗa. Gidan duka muka koma gona, mu mata muna ƙarƙashin bishiyar ɗorawa muna tsinka. Iya ta ce ita ma sai ta je, ai mijinta ya ce ta riƙa motsi. Da rana ta ɗaga ta yunƙura za ta tashi daga kujerarta 'yar tsugunne, zaninta ya harɗe ta, ta tafi gefe ta dafa ƙasa da hannun dama. Faɗuwar da ko ƙwai ba za ta fasa ba. Amma na ji ƙarar, ƙas, kamar an karya kara.

Ba ta yi kuka ba. Ta riƙe hannun tana kallonsa, wuyan hannun ya lanƙwashe yana kumbura. Fuskarta ta yi fari. Ban taɓa ganin Iya ta rasa abin faɗa ba sai ranar, kuma nan ne tsoro ya kama ni.

Gwaggo ta ce a ɗauko mai ɗori. Baba ya ce a nemo mota. Iya ta buɗe baki da ƙyar ta ce, "Ku kira min mijina."

Na kira shi. Ban gama bayani ba ya ce kada a ja hannun, a ɗaure shi a jikin wani abu miƙaƙƙe, a cire mata zobe da awarwaro kafin kumburin ya hana. Kafin la'asar ya iso da motar abokinsa, silifas ɗinsa ma wari da wari. Ya durƙusa gaban Iya a cikin ƙasar gona da shaddarsa, ya tallafe hannun kamar jariri. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ni kuma, Allah ya yafe min, a cikin wannan tashin hankalin sai da wani gefe na zuciyata ya ce, ko ni ce na karye zai yi haka?

Ni aka ce in bi su Kano, Baba zai taho washegari. A asibiti aka ɗauki hoto, aka gyara hannun aka sa mata filasta har gwiwar hannu. Likitar, wata mace mai fara'a, ta nuna mana hoton ta ce ƙashin ya yi shara-shara, shi ya sa ƙaramar faɗuwa ta karya shi. Ta ce za a ba ta maganin da ke rage wa masu rushewar gudu, kuma a kwana da ita a ga yadda kumburin zai yi.

"A ba Kilas ɗin da yawa," in ji Iya. "Ya raina ni."

Likitar ta kalli Munir. Ya sunkuyar da kai.

Da allurar da aka yi mata ta kama ta, ta yi barci, aka ja mata labule. Muka zauna a benci daga wajen labulen, ni a wannan ƙarshe shi a wancan. Hijabina duk ƙasar gyaɗa, ƙafata futu-futu, ko hoda babu a fuskata. Na ce a raina tunda kwalliya ba ta yi aiki ba, bari a gwada haka.

"Munir."

"Na'am."

"Tambaya zan yi, kuma ban son a sa Bilas ko Kilas a amsar."

Ya gyara tabarau. Na ga yatsan zai tashi, ya danne shi da ɗaya hannun.

"Ni kake so ko ƙashin Iya?"

Ya kalle ni kamar na mare shi. Sannan ya ce, "Tahira, tun ranar bikin Gezawa ban ƙara karanta shafi guda ban ga fuskarki a kai ba. Malamina har ya tambaye ni ko ba ni da lafiya."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Duk Asabar da maganar nake tahowa. Tun daga Kano nake maimaita ta a kan mashin. In na shigo sai in tarar da Iya ta sa kwalli. In na kalle ki kuma sai komai ya gudu, ƙashi kaɗai ke saura a kaina."

Na ja hijabi na rufe bakina don kada ya ga murmushin. Na ce, "Baba ya ce ka turo."

"Zan turo. Amma akwai abin da ya kamata ki fara ji." Ya ciro hularsa ya riƙe a hannu yana juya ta. "An ba ni gurbin ƙaro karatu a Malesiya. Da an gama girbi zan tafi, kuma ba shekara ɗaya ba ce. Ba na son tafiya ni kaɗai. So nake a ɗaura kafin nan, mu tafi tare. In kin ce a'a ba zan ga laifinki ba."

Murmushin ya tsaya min a rabi. Ni da ban taɓa wuce Zariya ba. Na tuna Inna a bakin murhu ba mai taya ta tankaɗe. Na tuna 'yan ajina da na fara koya wa haɗa baƙi. Na tuna Baba da bai iya cewa zai yi kewa ba sai dai ya kalli buta. Na ɗago zan ce ya ba ni lokaci in yi tunani.

Sai labulen ya motsa.

"Can ɗin akwai rana?"

Muka daskare. Munir ya ce, "Akwai, Iya."

"Da kindirmo?"

"Ana... ana samun irinsa."

Hannu mai filasta ya ture labulen gefe. Iya Kulu na zaune daram a kan gado, idonta tar, ba alamar ta taɓa runtsawa.

"To da ni za a tafi. Ba zan zauna Kilas ya ƙarasa ni a ƙauye likitana na wata ƙasa ba." Ta miƙo min lafiyayyen hannun. "Ke kuma rufe bakin, ƙuda zai shiga. Kira min ubanki in gaya masa da kaina."